Ku Biyar da Waƙa Ɗaya: Ɗalibai da Ɗaukar Bidiyon Waƙa



Shugaban wannan zama, malamai abokan aiki, baƙinmu daga masana'antar fim, ɗalibai maza da mata, barkanmu da warhaka. An nemi in yi magana a kan aikin da kusan duk ɗalibin fim ko na aikin jarida yake karo da shi kafin ya kammala: a haɗa ku ku huɗu ko biyar, a ce ku nemo waƙa ku yi mata bidiyo, ku kawo kafin ƙarshen zango. Da yawanku kuna ɗaukar sa aikin neman maki kawai. Ni a wurina babu darasin da ya kai shi nauyi, domin a cikin minti ukun nan ko huɗu ake gane ɗalibin da ya iya sauraro, ya iya cika alkawari, ya iya aiki da mutane.

A ƙasar Hausa fim tare da waƙa ya taso. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, kuma kafin shekarun 1990 su ƙare fiyanon Yamaha ya mamaye situdiyoyin garin. Waɗanda suka ga zamanin Sangaya sun san waƙar ce ta riga fim ɗin shiga gidaje, ita ta ja mutane zuwa sayen kaset. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan zamani, ina kuma roƙonku ku neme su ku karanta. A wancan zamani har ta kai akan fara buga waƙa a situdiyo, daga baya a nemo labarin da za a ɗora mata. A 2020 kuma, mutane na kulle a gida saboda annoba, muka ga yadda mata suka riƙa ɗaukar kansu da waya suna taka waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker. Ke nan mutanen da za su kalli aikinku idonsu a buɗe yake. Sun san bakin da ya yi daidai da kiɗa, sun san wanda ya kuskure, ko da ba su taɓa riƙe kyamara ba.

Ƙorafin da na fi ji daga ɗalibai shi ne kayan aiki. Kyamarar sashe ɗaya ce, layi ake bi. Babu fitilu, babu jirgi marar matuƙi, babu mota. Gaskiya ne, kuma zan dawo kan wannan domin akwai haƙƙinku a wuyan makarantu. Amma ku ji wannan. A 2006 wasu mawaƙa huɗu a Amurka, masu suna OK Go, suka jera injinan gudu na motsa jiki guda takwas a ɗaki, suka kafa kyamara ɗaya a kan ƙafarta ba ta motsi, suka yi rawarsu daga farkon waƙa zuwa ƙarshe ba yanka ko ɗaya. 'Yar'uwar jagoransu, Trish Sie, ita ta tsara takun. Bidiyon ya karɓi kyautar Grammy a 2007. Abin da suka kashe a kai kwanaki ne na atisaye da dabara ɗaya da suka riƙe gam. Yawancin bidiyoyin ɗalibai da na ga sun lalace, tun kafin a kunna kyamara suka lalace: ba a zauna an yarda da abu ɗaya ba, ba a raba aiki ba, kowa ya zo lokeshin da nasa fim ɗin a kai.

Saboda haka zaman farko ku bar kyamara a gida. Ku zauna ku biyar da mawaƙin, ku sa waƙar, ku saurara har ta zauna muku. Ku rubuta baitocinta a takarda, ku sa lokaci a gefen kowane layi: shimfiɗar kiɗa daga farko zuwa daƙiƙa kaza, baitin farko daga nan zuwa nan, amshi ya shigo a nan, ga inda kiɗa ya tsaya numfashi. Wannan takarda ita ce taswirarku har ranar da za ku miƙa aiki. Sannan ku tambayi mawaƙin abin da ya sa ya yi waƙar, ku yi shiru ku ji. Sau da yawa za ku tarar waƙar da kuka ɗauka ta soyayya ce ashe ta kewar gida ce, ko ta mahaifiya. In kun gane haka, ba za ku je ku aro motar wani ku jingina yaro a jikinta yana wasa da makulli ba. Abin da ya fi damuna da bidiyoyinmu shi ne kwaikwayon arzikin da ba mu da shi. Ɗalibin da ke kwana a ɗakin mutum shida, ya san ƙamshin garau-garau da dare, ya san layin famfo da asuba, ya san jiran ɗan sahu a bakin ƙofar makaranta, yana da hotunan da babu wanda ya taɓa nunawa, amma sai ya tsallake su ya tafi harabar otal. Ku nuna abin da kuka sani. Shi ne kaɗai abin da kuka fi manyan daraktoci.

Kafin ku tashi daga wannan zama, ku tabbatar waƙar ta gama fitowa daga situdiyo. Na ga ɗalibai sun yi wuni biyu suna ɗauka, bayan mako mawaƙin ya koma wurin mai kiɗa aka ɗan ƙara wa waƙar sauri, aka sauya layi ɗaya. Duk abin da suka ɗauka ya tashi a banza, domin baki ba zai ƙara hawa kan murya ba. Ku karɓi kwafin ƙarshe, ku ajiye shi a wayoyi biyu, kuma shi ɗin dai za a bai wa mai tacewa.

Sai rabon aiki. Kowa darakta yake so ya zama, in ya rasa ya riƙe kyamara. Ni kuwa in na je lokeshin ɗalibai, wanda na fara nema shi ne mai riƙe da sifika, don daga gare shi nake gane ko aikin zai yi kyau. Ku dube shi da kyau. Yana tsugune bayan mai kyamara, sifika a cinyarsa, waya a hannu ɗaya, takardar baitoci a ɗayan, biro a bayan kunne. Darakta ya ce a koma amshi na biyu. Ba ya lalube, ya san amshi na biyu yana minti ɗaya da daƙiƙa arba'in, ya kuma san mawaƙi na bukatar kiɗa ya ɗan gudana kafin ya shiga, sai ya komar da waƙar baya da daƙiƙa goma. Yana jiran mai kyamara ya ce ta fara, sannan ya danna. Ana cewa kat, ya rubuta: wuri na biyu, ɗauka ta uku, amshi, hula ta karkace, ba ta yi ba. Ta huɗu ta yi, ya zagaye ta. Wayarsa a rufe take daga kira, don kada sallamar wani ta katse waƙa a tsakiyar ɗauka mai kyau. Shi ne zai lura cewa ɗazu mayafin jarumar a kafaɗar hagu yake, yanzu ya koma dama. Wannan aiki da 'yan masana'anta ke kira kwantiniti, in kun ba wa wanda kuka raina, ko kuka ce kowa ya taɓa, mai tacewa ne zai kwana yana kuka a gaban kwamfuta. Ku ba wa wanda ya fi ku natsuwa.

Sauran ayyukan a bayyane suke: darakta, mai kyamara, mai kula da haske, da mai riƙe kuɗi da lokaci da hulɗa da jama'a. Sharaɗi ɗaya ne: a lokeshin murya ɗaya ke magana da mawaƙi. Mai shawara ya raɗa wa darakta. In mutum huɗu suna ba yaro umarni lokaci guda, fuskarsa za ta nuna ruɗewa, kyamara kuwa ba ta ɓoye wannan. Gardama a yi ta a ɗaki tun kafin ranar, ba a fafe gora ranar tafiya.

Game da mamin, wato bin waƙa da baki, ku hana mawaƙi motsa leɓe kawai. Ya rera da ƙarfi, da muryarsa ta gaske, ko da ba za a yi amfani da sautin ba. Mai rerawa jijiyar wuyansa tana tashi, ƙirjinsa yana ɗagawa wurin jan numfashi, idonsa yana sauyawa in ya kai kalmar da ta taɓa shi, kuma mai kallo yana ganin duk wannan ko bai san yana gani ba. Ku ɗaga sifika yadda zai ji kiɗan a jikinsa, ku bar makirfon ɗin kyamara a kunne don sautin da ya kama shi ne zai taimaka wajen jera hoto a kan waƙa. A kowane wuri ku ɗauki waƙar sukutum daga farko zuwa ƙarshe, sau ɗaya daga nesa, sau ɗaya daga ƙugu zuwa sama, sau ɗaya fuska kaɗai. In kun yi haka a wurare uku, kuna da zaɓi tara a kowane layi, kuma babu gurbin da zai rage babu hoto. In kuna son tafiyar hawainiya, mayafi yana kaɗawa a hankali amma baki yana daidai da waƙa, ga yadda ake yi: ku ɗauka a firam 50 cikin daƙiƙa, ku ninka saurin waƙar sau biyu a sifika, mawaƙi ya bi ta a haka. In aka mayar da hoton firam 25, jiki zai yi sanyi, baki ya koma daidai. Sai dai ya yi atisaye tun a gida, domin rera baiti da ninkin sauri ba wasa ba ne.

Masu ɗauka da waya, ku shiga saiti ku mayar da ita firam 25. Yawancin wayoyi a 30 suke zuwa, wutar lantarkinmu kuwa a 50 take kaɗawa cikin daƙiƙa, shi ya sa kuke ganin hoto yana ƙyaftawa ko layuka suna gudu in kun ɗauka a ƙarƙashin ƙwan fitila. In da janareta ne, ku gwada ku duba kafin ku fara, don shi ba ya tsayawa a kan sauri ɗaya. Ku kulle haske da saitin ido a kan fuska, kada waya ta riƙa sauya ra'ayi a tsakiyar baiti. Ku goge gilashin kyamarar. Ku kuma yanke shawara tun farko ko a kwance za a ɗauka don YouTube da talabijin, ko a tsaye don TikTok, kada rabi ya zo haka rabi ya zo haka.

Yanzu haske, wanda nan ne nake so in ɗan daɗe. Allah ya ba mu rana kyauta, amma ba kowace sa'a take da amfani ba. Daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa uku tana tsakiyar ka, tana zuba inuwa a ramin ido, hula ko ɗankwali ya rufe rabin fuska da duhu. In mawaƙin ya sa farar shadda, kyamara za ta rikice tsakanin farin kaya da baƙar fata: ko rigar ta ƙone ta zama fari fat babu zare, ko fuskar ta nutse. Ku bi fuska, ita mutane suka zo kallo. In da hali ku roƙe shi ya sa shuɗi, ko ruwan ƙasa, ko kore. Kuma don Allah kada ku zo wurin tacewa ku ɗashe fatar mutum har ya zama ba shi ba. Fatarmu tana da kyau in an haska ta daga gefe, farin kwali ɗaya ko farin zani a hannun mai haske ya isa ya mayar da rana kan kunci. Tsakar rana ku shiga inuwa, zaure ko ƙarƙashin darbejiya ko bakin taga, ku ɗauki fuska da ƙananan abubuwa: yatsu a kan tasbaha, ƙafa tana bin kiɗa, shayi ana zubawa.

Hasken da kowa ke so yana zuwa ne da sassafe da kuma la'asar sakaliya. A Kano rana tana faɗuwa tsakanin wajen ƙarfe shida da bakwai saura, gwargwadon lokacin shekara, kuma da yake muna kusa da tsakiyar duniya, tana faɗuwa duhu ke biyo baya, ba ta jan jiki kamar a Turai. Abin da kuke da shi bai wuce awa ɗaya ba. Ku ɗauka kun zaɓi kan Dutsen Dala. Ƙarfe huɗu da rabi ya kamata a ce kun yi sallah, kun hau, kun kafa kyamara, mawaƙi ya sa kaya ya sha ruwa ya huce daga hawan matakala. Biyar da kwata rana ta yi laushi, rufin gidajen birni ya ɗauki ja, hayaƙin girki ya fara tashi daga tsakar gidaje. A nan ne yara za su taru, su ashirin, su talatin, kowa yana leƙen allon kyamara, wani yana ɗaga hannu a bayan mawaƙi. In kun tsaya korarsu da tsawa, rana za ta tafi ta bar ku. Mai hulɗa da jama'a ya kira babban cikinsu ya ba shi aiki, ya ce kai ne mai tsare wannan layi, kowa ya tsaya bayanka, in mun gama za mu nuna muku. Ku kuma cika alkawarin. Ana kiran magariba ku kashe sifika, ko kun gama ko ba ku gama ba. Lokacin hunturu hazo yana tausasa rana ya ba ku haske mai daɗi kusan duk wuni, amma ƙura tana shiga ko'ina, kada ku sauya gilashin kyamara a fili. A watan Maris da Afrilu kuwa, zafi kan kai digiri 40, waya takan yi zafi ta daina ɗauka da kanta, ku riƙa ajiye ta a inuwa tsakanin ɗauka da ɗauka.

Duk wurin da kuka sa ƙafa yana da mai shi. Lungu yana da mai unguwa, kasuwa tana da shugabanni, marinar Ƙofar Mata tana da masu rini da ke neman abincinsu a wurin, Gidan Makama yana da hukumar da ke kula da shi. Ku je kwana biyu kafin ranar, da takarda daga sashenku, ku yi sallama, ku faɗi ko ku su wane ne, ku sa musu waƙar su ji. Kada ku ɗauki fuskar dattijo ko matar aure ko almajiri ba da saninsu ba don kawai hoton ya yi kyau. Talaucin wani ba ado ba ne. Jirgi marar matuƙi kuma yana bukatar izinin hukuma, kada ku kusanci filin jirgi ko bariki da shi. Kano tana da Hukumar Tace Fina-finai tun 2001, wasu jihohin ma suna da nasu tsarin, saboda haka kafin ku saki aiki ga jama'a ku zauna da malaminku ku san abin da doka ta ɗora muku.

Ina da magana ta musamman a kan 'yan'uwanku mata. A ƙungiyoyi da yawa da na gani, in akwai mace ɗaya, kai tsaye ake miƙa mata kwalliya da abinci, ko a ce ta tsaya gaban kyamara ta yi murmushi. Kuɗin makaranta ɗaya kuka biya, jarrabawa ɗaya za ku rubuta. Ku ba ta kyamara, ku ba ta darakta in ita ta fi fahimtar waƙar. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta littattafai, ta kuma rubuta ta shirya fim ɗin Juyin Sarauta, ba ta jira an ba ta wuri ba. Wadda kuma ta yarda ta fito a bidiyonku, ku sani abin da take ɗauka ya fi naku nauyi. A 2016 ƙungiyar 'yan fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga masana'anta saboda fitowar da ta yi a bidiyon waƙar ClassiQ. Ko me mutum yake gani game da wannan hukunci, ya nuna mana cewa minti huɗu na iya juya rayuwar mace a wannan ƙasa tamu. Wannan fitacciyar jaruma ce, ina ga ɗalibar aji biyu da iyayenta ke ƙauye? Ku gaya mata dalla-dalla abin da za ta yi, da kayan da za ta sa, da inda za a saka bidiyon. Ta gani kafin kowa ya gani. In ta ce a cire wani wuri, a cire, ko da shi ne ya fi kyau. Guntayen da ba a yi amfani da su ba amana ce, ba na tura wa abokai ba ne.

Kuɗi ku rubuta komai, daga karo-karon da kowa ya bayar har kuɗin ruwan leda. Ku ciyar da duk wanda ya zo taya ku, mai yunwa ba ya riƙe kwali daidai.

An tashi daga lokeshin, kowa ya gaji, amma saura aiki ɗaya wanda ba a ɗaga shi zuwa gobe. A daren nan za a juye katin memori a wuri biyu daban, kwamfuta ɗaya da wani faifan ajiya da zai kwana a wani ɗakin. A buɗe a duba cewa hotunan suna tafiya kafin a goge kati. Na san ƙungiyar da ta mayar da kyamarar aro da katin a ciki, wanda ya karɓa bayansu ya share shi da safe. Babu mugunta a ciki, shi ma nasa aikin ya je yi.

Wurin tacewa, ku fara shimfiɗa waƙar, ku jera dukkan ɗaukar a kanta, sannan ku zaɓa. Ba dole ba ne a yanka a kan kowane bugun ganga. In mawaƙi ya kai layin da ya fi ciwo, ku bar fuskarsa ta zauna, kada ku gudu. Ku rage walƙiya da jujjuyawar da manhaja ke bayarwa kyauta. In kun gama, ku nuna wa wanda bai san komai game da aikin ba, a kan ƙaramar waya, domin a nan yawancin mutane za su kalla, ku lura da inda ya ɗauke ido.

Waƙar kuma tana da masu ita: wanda ya rubuta, wanda ya rera, wanda ya buga kiɗa. Najeriya ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023. Ku rubuta yarjejeniya ko ta shafi ɗaya ce: wa ya mallaki bidiyon, a shafin wa za a ɗora, in kuɗi ya shigo yaya za a raba. Ku tambayi mawaƙin inda ya samo kiɗan, don in daga intanet ya sauko da shi ba izini, YouTube na iya toshe aikinku ko ya karkatar da kuɗin ga wani. Abota da yawa ta mutu a kan bidiyon da ya yi farin jini ba zato.

Ga shugabannin sassa da ke zaune a nan, roƙona biyu ne. Ku bar ɗalibai su fita da kayan aiki ranakun Asabar da Lahadi da kuma bayan ƙarfe huɗu, domin kyamarar da ake kullewa a ofis lokacin tashi daga aiki ba za ta taɓa ganin hasken la'asar ba. Sannan a ƙarshen zango ku tara kowa a ɗaki irin wannan, a haska dukkan bidiyoyin a babban allo, a gayyato mawaƙan da iyayensu da mutanen unguwannin da aka yi ɗauka. Ku kuma ɗalibai, kafin ku miƙa aikinku, ku rubuta sunan kowa a ƙarshensa: mai sifika, mai riƙe kwali, wadda ta ara muku zani, mai unguwar da ya ba ku izini. Ku koma ku nuna wa yaran nan na kan dutse kamar yadda kuka yi musu alkawari.